Maganin Ɓarayin Gona a Ƙasar Bagudo: Kare, Wuta Ko Guba?

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Bagudo, ta haye Kogin Kwara a gadar Tuga ta nufi Ka'oje, a watannin hunturu bayan an kawar da amfanin gona, da wuya ya rasa cin karo da ayarin samari da yara, kowa da gora ko fartanya a kafaɗa, karnuka biyu ko uku suna gaba suna sunsunar gindin suri. In ya ɗaga kai kuma zai hangi hayaƙi ya turnuƙe can nesa, inda wasu mafarautan suka cinna wa daji wuta. Akwai wani abu kuma da ba a ganinsa daga kan hanya, watau ɗan ƙullin shinkafar ɓera da manomi ya sayo ran kasuwa ya barbaɗa a bakin kunya. Kare da wuta da guba duk aiki ɗaya aka ba su, shi ne su rage dabbobin da ke raba manomi da guminsa. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, na farkon ne kaɗai ya cancanci a riƙe shi a kuma gyara shi, domin shi kaɗai ne yake bin ubangidansa gida in an tashi daga aiki. Hujjar haka ta fi fitowa fili idan aka dubi wata tsohuwar sana'ar farauta ta ƙasar Turai, da abin da ya faru a ƙasashen da suka yi watsi da hikimar da ke cikinta.

Yadda Turawa suke yi da zomo

Zomon Turai, wanda masana ke kira Oryctolagus cuniculus, shi ne kakan zomon gida da ake kiwo a bayan ɗaki. Asalinsa daga ƙasashen Sifen da Fotugal ne da kudancin Faransa. Ɗabi'arsa ita ce haƙa ramuka masu rassa da ƙofofi barkatai, inda dangi guda ke zaune tare. Cikin macen wata ɗaya ne kacal, takan haifi 'ya'ya uku zuwa bakwai tsirara idanunsu a rufe, ta kuma sake ɗaukar wani cikin 'yan kwanaki bayan haihuwa. Ɓarnarsa tsohuwa ce, don marubucin nan na Rum, Pliny, wanda ya rasu a shekara ta 79 Miladiyya, ya ba da labarin yadda mutanen tsibiran Baleyarik suka roƙi Sarki Augustus ya aiko musu da sojoji, saboda zomaye sun cinye musu amfani har yunwa ta shigo.

Tun a wancan zamani aka san maganin da ya fi sojoji, watau wata 'yar dabba mai dogon jiki da gajerun ƙafafu da ake kira faret, wadda nauyinta bai cika wuce kilo biyu ba. Wanda ya ga hotonsa zai ce tunku ne, amma a wajen masana dangin bodari ne da dage, kuma kamar bodari shi ma yana da nasa warin. An fi shekara 2,000 ana kiwonsa. Mafarauci yakan zo da shi cikin akwati da sassafe, ya zagaya ramin zomaye ba tare da hayaniya ba, ya shimfiɗa 'yar raga a bakin kowace ƙofa, sa'an nan ya saka faret ta ƙofa guda. Da zomayen sun ji warin abokin gaba sai su fito a guje su afka cikin ragar, ita kuwa ta tsuke kamar bakin jaka. Nan take mafarauci ya kashe zomon, ya mayar da raga, ya koma ya yi shiru. In rami ya ƙare sai ya kama faret ɗinsa ya mayar cikin akwati. A yau har ana ɗaura wa dabbar wata 'yar na'ura a wuya, wadda ke nuna inda take a ƙarƙashin ƙasa, don in ta yi kisa a ciki ta kwanta, a haƙa a ciro ta. An fi yin wannan farauta daga kaka zuwa ƙarshen sanyi, lokacin da babu jarirai a rami kuma ciyawa ta kwanta.

Sana'ar ta yi daraja a Ingila har a wajen shekarar 1390 aka yi doka cewa wanda ƙasarsa ba ta ba shi sule 40 a shekara ba shi da izinin ajiye faret, domin a lokacin naman zomo da fatarsa na masu hali ne. Sai a 1880 aka ba manomi mai hayar gona ikon kashe zomon da ke cin shukarsa, a 1954 kuma doka ta mayar da wannan iko ya zama wajibi a kan duk wanda ke riƙe da ƙasar.

Abin lura a nan shi ne, mai faret yana ganin duk abin da ya kashe, yana iya ƙirga shi, naman yana ciyuwa, ba a bar kome a ƙasa ba da zai cuci wata dabba gobe. Inda aka sauka daga wannan hanya an ga sakamako. A ƙasar New Zealand, da zomayen da Turawa suka kai suka cinye makiyayar tumaki, sai a shekarun 1880 aka riƙa sakin dubban faret da wasu 'yan uwansa cikin daji, a kan su zauna can su riƙa cin zomo da kansu. Masana tsuntsaye sun yi gargaɗi, ba a saurare su ba, har ma doka ta ba dabbobin kariya, ba a janye ta gaba ɗaya ba sai 1936. Zomo bai ƙare ba. Abin da ya nemi ƙarewa shi ne tsuntsayen ƙasar, irin su kiwi, waɗanda ba su iya tashi kuma suna ƙwai a ƙasa. An yi gudun gara an tad da zago. A 2016 gwamnatin ƙasar ta shelanta shirin kawar da irin waɗannan baƙin dabbobi kafin 2050, watau jikoki suna biyan kuɗin gyaran abin da kakanni suka saki da hannunsu.

A Ostareliya kuwa, inda zomaye 24 da wani Bature mai suna Thomas Austin ya saki a 1859 suka zama miliyoyi ɗari-ɗari, an koma ga baza musu cuta a 1950. Cutar, mai suna miksomatosis, ta shiga Faransa a 1952, ta isa Ingila a 1953, inda aka ƙiyasta ta kashe kashi 99 cikin 100 na zomayen ƙasar. Manoma sun yi murna. Amma da babu mai kiwon ciyawa sai ta yi tsawo a tuddai, wata irin tururuwa mai son gajeriyar ciyawa ta ragu, wani shuɗin malam-buɗe-littafi da tsutsarsa ke girma a gidan wannan tururuwa ya ɓace daga Ingila a 1979. Su kuwa zomayen da suka tsira, jikinsu ya saba da cutar, suka sake yaɗuwa, masu faret suka koma bakin aikinsu.

Su wane ne ɓarayin a Bagudo?

Kada mai karatu ya ɗauka shawara ake bayarwa a shigo da faret Jihar Kebbi. Dabba ce da zafin da ya haura digiri 30 ke galabaitar da ita, alhali a watan Afrilu zafin wannan yanki yakan haura 40. Ko da zai jure ma, ba shi da aikin yi, domin zomon dajin ƙasar Hausa wani jinsi ne dabam, dangin da masana ke kira Lepus. Ba ya haƙa rami. Yakan lafe ne a ɗan gurbi a gindin ciyawa ko sabara, ya dogara ga kunnuwansa da ƙafafunsa. Macen tana yin kamar kwana 42 da ciki, ta haifi ɗaya ko biyu, da gashinsu, idanunsu a buɗe. Yakan ɗan taɓa tohon wake da gyaɗa, amma dabbar da ke zaman kaɗaici tana haihuwa kaɗan-kaɗan ba ta zama annoba. Sau da yawa zomo yana shan gora ne a kan laifin wasu.

Ƙaramar Hukumar Bagudo ƙasa ce mai tudu da fadama. Kwara ta ratsa ta, garuruwa irin su Illo da Lolo da Tsamiya suna dab da iyakar Jamhuriyar Benin, kuma tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance a Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015, noman shinkafa na rani ya ƙara bunƙasa a fadamun jihar. Wannan alheri ne ga mutane, amma alheri ne kuma ga dabbobin da a da yunwar rani ke rage yawansu. Yanzu suna da ɗanyen abinci damina da rani.

Babba a cikinsu shi ne gyazbi, wanda wasu ke kira gyauji. Ƙato yakan kai kilo 4 zuwa 9. Yana son dogayen ciyayi na bakin ruwa, ya iya iyo, da dare yake fita. Ana gane aikinsa da safe: karan shinkafa ko masara ko rake an datse shi a gindi a karkace kamar da lauje, an ci ɓargon an watsar da saura. Shi ma bai cika haƙa rami ba, a cikin duhuwar ciyawa yake ɓuya. Sai kurege, wanda da rana tsaka yake bin layin shuka yana tone irin gyaɗa. Sai kuma gafiya, wadda ita ce ta fi kama da zomon Turai a wajen zama, don tana da rami mai ƙofa fiye da ɗaya, sau da yawa a cikin tsohon suri ko gindin bishiya, da ɗakin kwana da ɗakin ajiya. Nauyinta kilo ɗaya ne zuwa ɗaya da rabi, ana gane ta da rabin wutsiyarta na ƙarshe fari. Tana da wasu aljihuna a kumatu da take cikawa da gyaɗa ko masara ta kai rami, ta dawo ta ƙara, kuma daga nan ne Hausawa suka samo maganar nan ta gafiya tsira da na bakinki. Mai haƙar raminta yakan iske abin da ya kai mudu ko fiye na amfanin gonar maƙwabci a jibge. (Ba sharri kaɗai ke gare ta ba. A Morogoro ta ƙasar Tanzaniya, ƙungiyar APOPO tana horar da wata 'yar uwarta ta sunsuno nakiyoyin da aka binne lokacin yaƙi, da kuma cutar tarin fuka a cikin majinar marasa lafiya. Ɗaya daga cikinsu, mai suna Magawa, an ba shi lambar zinariya a 2020 saboda aikin da ya yi a Kambodiya.)

Yadda yaran ƙauye ke farautar gafiya bai bambanta da aikin mai faret ba sai a kayan aiki. Kare ne ke nuna ramin da ke da rai. A nemo sauran ƙofofin a toshe, ko a tsayar da mutum da gora a kan kowace. Sa'an nan a haƙa, ko a tura hayaƙin ɗan tsumma ko busasshiyar ciyawa ta ƙofa guda. In ta fito, kare ko gora ya gama da ita. Ga gyazbi kuwa akan kewaye duhuwa a tura karnuka ciki, ko a ɗana tarko a kan turbarsa, don yana da hanyar da yake bi kullum. Wannan ilimi ne na gaske. Yaron da ya san bambancin kashin gyazbi da na zomo, ya san ramin da gizo-gizo ya yi saƙa a bakinsa ba kowa ciki, ya riga ya fara karatun halayyar dabbobi tun kafin ya ga allon makaranta. Shari'ar Musulunci ma ta san da karen farauta da aka horar, an yi zancensa a cikin Suratul Ma'ida, malaman fiƙihu kuma sun yi bayanin sharuɗɗansa.

Abin da wuta ke ci

Ɓarnar ta fara ne daga inda hayaƙin ɗan tsumma ya zama gobarar daji. Mai neman gyazbi biyu yakan cinna wa fadama guda wuta a watan Janairu ko Fabrairu, lokacin da ciyawa ta bushe ƙarau iska kuma tana kaɗawa. Ya samu naman da zai ci ko ya sayar, amma lissafin abin da ya ƙone ba ya shiga aljihunsa. Ganye da kara da ya kamata su ruɓe su zama taki sun tashi, sinadarin naitirojin da ke cikinsu ya bi hayaƙi. Ƙasa ta zauna tsirara, iskar bazara da ruwan farko su kwashe ta. Gamba da shuci da ake zana da jinka da su sun tafi. 'Ya'yan kaɗanya da ɗorawa da suka fara tasowa sun mutu. Abincin shanun Fulani na rani ya zama toka, kuma makiyayin da bai sami ciyawa a daji ba, idonsa kan gonar rani yake komawa. Duk wanda ya san yankin Ka'oje da yawan dabbobinsa ya san ba ƙaramin abu ba ne wannan. Wani lokaci ma wutar takan tsallaka ta cinye tarin shinkafar da ba a sussuke ba.

Gaskiya ne ma'aikatan gandun daji da makiyaya suna yin ƙuna da gangan a farkon rani, tun ciyawa da sauran danshi, don wutar ba ta yin zafi kuma tana rage haɗarin babbar gobara daga baya. Wannan aiki ne mai lokaci da iyaka da masu tsaro. Wutar mafarauci ba ta da ko ɗaya. Bugu da ƙari, ba ta ma biyan bukatar manomi, domin gafiya da ɓera suna can ƙarƙashin ƙasa inda zafi ba ya kaiwa sosai, waɗanda ke rasa mafaka su ne masu cinsu: mesa, tunku, muzurun daji, da tsuntsayen da ke sheƙa a ƙasa.

Abin da guba ke ci

Guba ta fi wuta haɗari don ba ta da hayaƙi. Iri biyu aka fi sayarwa da sunan maganin ɓera. Akwai baƙin gari mai warin tafarnuwa, zinki fosfayid, wanda in ya haɗu da ruwan tsamin ciki yake sakin iska mai kisa. Ba shi da makari, kuma bai san bambancin ɓera da kaza ko zabo ko akuya ko yaron da ke rarrafe ba. Akwai kuma masu hana jini daskarewa, waɗanda dabba ke ci ta yi kwanaki tana yawo a galabaice kafin ta mutu. A cikin kwanakin nan ita ce ta fi sauƙin kamu ga mujiya da shaho da kyanwa, gubar kuwa takan taru a hantar wanda ya ci. Da haka manomi ke kashe masu gadinsa da kuɗinsa. Mujiyar da ake jifa ana ce mata tsuntsuwar mayu, gida ɗaya nata yana cin ɓeraye fiye da dubu a shekara, shi ya sa a Malesiya manoman shinkafa da na kwakwar manja suke kafa mata akwatuna a gonaki don ta zauna ta hayayyafa.

Mafi muni shi ne a ɗauki maganin ƙwari a gauraya da hatsi a yi tarko da shi, ko a zuba a ruwa don kama kifi, kamar yadda aka daɗe ana yi da Gammalin kafin a sa sinadarinsa cikin jerin waɗanda duniya ta yi yarjejeniyar dainawa a 2009. Tsallaken iyaka, a yankin Segbana da Kandi, ƙasar auduga ce, inda ake amfani da maganin feshi mai yawa. A kakar noma ta 1999 zuwa 2000 mutane da dama sun mutu a arewacin Benin saboda wani maganin auduga mai suna endosulfan da ya shiga abinci, abin da ya kai ƙasar ga haramta shi a 2008. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata a yarjejeniyar 1898 ba ta hana kwalbar magani tsallakowa, kamar yadda ba ta hana gyazbi ko wuta. Naman dajin da aka kashe da guba kuwa, in an babbake shi an ƙyafe, ba mai iya bambanta shi da na tarko a kasuwa.

Iyakar ƙarfin mafarauci

Wajibi ne a faɗi inda farauta ta gaza, don kada a yaudari manomi. Tana aiki sosai a kan gyazbi, saboda cikinsa wata biyar ne, 'ya'yansa kamar huɗu, ba ya saurin mayar da gurbin wanda aka kashe. Tana rage gafiya a kewayen gona da rumbu. Amma ƙananan ɓeraye, waɗanda su ne suka fi yin ɓarna a shinkafa da rumbuna, sun fi ƙarfin kare da gora. Ɓeran nan mai nonuwa da yawa, Mastomys natalensis, cikinsa kamar kwana 23 ne, haihuwa ɗaya takan kai goma ko fiye. In aka sami damina mai kyau bayan fari sai su yi ambaliya, kamar yadda aka gani a ƙasashen Sahel a 1975 zuwa 1976, da kuma 1986 zuwa 1987. Maganinsu shi ne sharar kunyoyi da bakin magudanan ruwa, yin shuka da girbi lokaci ɗaya tsakanin maƙwabta, ɗana tarkuna da yawa tun shinkafa ba ta yi ciki ba, ɗaga rumbu a kan duwatsu da liƙe shi, da barin mujiya da maciji marar dafi su yi aikinsu. A Indonesiya da Biyetnam an gwada kewaye 'yar gonar da aka riga shukawa da katangar leda mai ƙofofi, a kowace ƙofa da tarko, aka ga tana janye ɓerayen unguwa guda.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Farautar da ake yi bayan girbi ta nama ce da nishaɗi, don a lokacin an riga an yi ɓarnar, kuma da yawa daga cikin dabbobin da aka kashe yunwar rani za ta kashe su ko ba a taɓa su ba. Wadda ke kare amfani ita ce ta gab da shuka, lokacin da suka ragu kuma ba su fara haihuwa ba. Mace ɗaya da aka cire a lokacin ta fi goma da aka kashe a kaka. Kada kuma wata hukuma ta ce za ta biya lada a kan kowace wutsiya. Faransawa sun gwada haka a birnin Hanoi a 1902, sai aka fara ganin ɓeraye guntaye suna yawo a titi, aka kuma gano masu kiwonsu a bayan gari.

Sa'an nan akwai lafiyar shi mafaraucin. Ramin gafiya masaukin kububuwa ne da gamsheƙa, hannu ba ya shiga inda ido bai gani ba. Ɓeran da aka ambata shi ne ke ɗauke da ƙwayar zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na ƙasar Barno, kuma ta fitsarinsa da kashinsa da jininsa ake kamuwa, don haka ba abin farauta ba ne balle ci. A 2003 ƙyandar biri ta ɓulla a Amurka ta hanyar wasu dabbobi da aka kai daga Gana, har da gafiya a cikinsu. Dabbar da aka tsinta matacciya ko tana layi, a binne ta. Mai rauni a hannu kada ya yi fiɗa, nama kuma a dafa shi ya nuna sarai. Karen farauta shi ne ya fi kowane kare haɗuwa da dila da yanyawa, saboda haka shi ya fi bukatar allurar haukan kare kowace shekara, irin wadda cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom ke yi. Matsalar tsaro da ta addabi dazukan kan iyaka a 'yan shekarun nan ƙarin dalili ce na tsayar da farauta a kewayen gonaki, da rana, da sanin mai gari.

Abin da ake bukata bai fi ƙarfin dagaci da Sarkin Noma da Sarkin Dawa ba. Su sa ranar gayya kafin shukar damina da kafin dashen rani. Su hana ɗaukar ashana zuwa farauta, su sa tara a kan wanda ya cinna wuta. Su ware dabbobin da ba a taɓawa, mujiya da tunku da mesa a kan gaba, har da jaba, wadda ƙwari take ci ba hatsi ba. Tun da Dandawa da Fulani da Hausawa da Busawa na ɓangarorin iyaka biyu suna cin kasuwa ɗaya suna auratayya, ba wuya masu garin Lolo da na Madekali su daidaita ranarsu. Wanda kuwa naman gyazbi yake so don sayarwa, yana da abin koyi kusa da shi, domin tun shekarun 1980 masana a Jamhuriyar Benin, da taimakon Jamusawa, suka gano yadda ake kiwonsa a keji da ciyawa da rogo da masara.

Aikin da ɗalibai za su iya

Kafin a yanke wa kowace dabba hukunci, ya kamata a san girman laifinta, kuma ajin kimiyyar halittu na kowace sakandare a Bagudo ko Illo ko Ka'oje zai iya wannan bincike ba tare da sayen kome ba. Malami ya nemi izinin manoma biyu ko uku. Ɗalibai su bi layi su ƙirga gindin shinkafa ɗari a bakin gona da ɗari a tsakiya, su rubuta nawa aka datse da kuma yadda yankan yake, don yankan gyazbi ya fi na ɓera girma nesa ba kusa ba. Su zana taswirar ramukan da ke kewaye, su toshe bakin kowane da 'yar ƙasa da yamma, su dawo da safe su ga waɗanda aka buɗe, wannan shi ke nuna rami mai rai. Inda mujiya ke kwana, a tsohon gini ko kogon kuka, za su sami ƙullutun gashi da ƙashi da take amayarwa. In aka jiƙa su da ruwan zafi aka warware da tsinke, da leda a hannu da ƙyalle a hanci, kawunan da ke ciki za su nuna abin da ta ci a daren. A maimaita ƙirgar duk mako biyu, a gonar da aka yi wa gayya da wadda ba a yi wa ba, daga dashe har girbi. Littafin da aka cika da waɗannan alƙaluma, malami ya aika da kwafinsa ga malamin gona na ƙaramar hukuma da sashen nazarin halittu na jami'ar Aliero ko ta Birnin Kebbi, asalin kuma ya zauna a makaranta don ajin da ke tafe ya ɗora a kai.